Ku Tambaya Mu Amsa: Dabbar Maƙwabci Ta Yi Ɓarna, Wa Zai Biya?

Wasiƙun wannan wata duk daga cikin garin Maradi suka fito, kuma duk kan abu ɗaya: kare, kyanwa, akuya ko tantabara sun shiga tsakanin maƙwabta. Likitan dabbobi da malamin fiƙihu ne suka haɗu suka amsa. Mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ina da karen gadi. Daren Talata yara suka bar ƙofa buɗe, ya fita ya faɗa gidan maƙwabcina, ya ciji ragon layyarsa a cinya. Ɗansa mai shekara 11 ya fito raba su, haƙorin karen ya ƙwarzane shi a hannu har jini ya ɗan fito. Cikin duhu ne, ba su gane karen wa ba ne, suna cewa na yawo ne. Ban taɓa yi wa karen allura ba. Wani abokina ya ce in yi shiru in kai karen ƙauye. Me kuka gani? (Magidanci, unguwar Zariya)

Amsa: Malam, ka ajiye mujallar nan ka tafi gidan maƙwabcinka yanzu. Maganar rago tana iya jira. Hannun yaron ne ba ya jira.

Ciwon haukan kare yana shiga jiki ta miyau, kuma ƙwarzane kaɗan ya ishe shi hanya in dai fata ta buɗe. Yakan kwanta shiru wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, yana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Da zarar alamunsa sun bayyana, wato tsoron ruwa da firgita da kasa haɗiya, magani ya ƙare, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 yake kashewa kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Hannu da fuska da wuya su ne wurare mafi haɗari, don jijiyoyi sun yi yawa a nan.

Abin da za a yi wa yaron shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba, minti 15 cur, a duba agogo, don mutane kan wanke na minti ɗaya su ce sun gama. Ko kwana ya wuce a wanke. Sai a shafa Bétadine ko alkol. Kada a sa toka ko barkono ko man birki, kada kuma a biye wa masu cewa a ƙona gashin karen a shafa. Ba a ɗinke irin wannan rauni nan take. Daga nan sai likita, a faɗa musu kare ne, kuma ba a taɓa yi masa allura ba. Allurar rigakafin tana da jadawali: akwai tsarin da ake yi ranar farko, rana ta 3, ta 7, da wata tsakanin ta 14 da ta 28, akwai kuma wanda ake yin biyu ranar farko, ɗaya rana ta 7, ɗaya rana ta 21. A damtse ake yin ta, ƙananan yara a cinya, ba a ɗuwawu ba. In rauni ya huda fata har jini ya fito akan ƙara wani ruwan magani da ake tsirawa a bakin raunin kansa. In an tura ku saye a farmasi, ku je da kula da ƙanƙara, don sanyin digiri 2 zuwa 8 take so, zafin Maradi yana lalata ta cikin aljihu. Kuma a duba ko yaron yana da rigakafin sandarewar jiki.

Yanzu ga inda shawarar abokinka ta ɓaci. Kare ba ya zuba ƙwayar cutar a miyau sai ya kusa nuna alama, kuma in ya kai nan ba ya daɗewa yake mutuwa. Shi ya sa ake tsare karen da ya yi cizo a sa masa ido kwana 10. A tsarin Faransa, wanda likitocin dabbobi da yawa na ƙasar nan suka karanta, kwana 15 ne tare da dubawa sau uku. In ya cika kwanakin yana ci yana sha lafiya lau, to ranar cizon ba ya ɗauke da abin a bakinsa, hankalin kowa ya kwanta, likita ma yana iya tsayar da sauran allurai. In ka kai shi ƙauye ko ka kashe shi ka jefar da gawar, ka ɓatar da shaida ɗaya tak da za ta nuna halin da yaron yake ciki. Mafi muni, iyayen suna ganin ƙwarzane ne kawai, ƙila ma ba su da niyyar zuwa likita. Kai kaɗai ka san karen bai da allura.

Ka ɗaure shi da sarƙa a inuwa, ko ka kulle shi a ɗaki, mutum ɗaya babba ya riƙa ba shi abinci, yara su nisanta. Ka sanar da ma'aikatar kiwo ta gari. Ka lura da sauyin hali: kare mai fara'a ya koma ɓuya, ko ya riƙa cizon itace da ƙasa, muryarsa ta dishe, miyau na dalala, muƙamuƙi ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa neman ƙashin. In ya mutu cikin kwanakin, kada a jefar da gawar a bola, a kira likitan dabbobi, kansa ake aikawa bincike. Allurar da ba ka yi masa ba, sai bayan kwanakin tsaro sun cika za a yi; tun yana wata 3 ya kamata, sannan a riƙa sabuntawa kamar yadda likita ya rubuta a katinsa. Fara allurar yaro kuwa ba ta jiran ƙarewar kwanakin nan.

Sai rago. Cizon kare ƙaramin rami ne a sama, ɓarna a ƙasa, don haƙori yana yaga nama ƙarƙashin fata. A aske gashin kewaye, a wanke da sabulu, mai wankin ya sa safar roba, a zuba Bétadine da aka sirka da ruwa, a bar ramin buɗe ya riƙa tsiyaya, a fesa maganin ƙuda don kada tsutsa ta kama. Likita yakan yi allurar oksitetrasiklin mai daɗewa, mililita 1 ga kowane kilo 10. Ku karanta kwalbar: akwai kwanakin da ba a cin naman bayan allura, galibi mako 3 zuwa 4, sai a lissafa da ranar Sallah. In kuma ɗingishi ya zauna a fili, ragon bai isar wa layya, don gurguwar da gurguntarta ta bayyana tana cikin huɗun da hadisi ya hana.

Batun biya ba shi da wuya. Dokar ƙasa, aya ta 1385 ta kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa, ta ɗora wa mai dabba alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa, ko ta ɓace, ko ta kuɓuce. "Yara ne suka bar ƙofa" ba ya fitar da kai. A fiƙihun Malikiyya ana duba ko an ajiye karen don wata buƙata da shari'a ta yarda da ita, da ko an taɓa gargaɗin mai shi cewa yana cizo. Amma mu a ganinmu kada ka tsaya neman wannan kafa. Ka ɗauki kuɗin likitan yaro duka, da na maganin rago. In ragon ya warke da aibi, dillalai biyu su faɗi kuɗinsa lafiyayye da kuɗinsa yanzu, ka cika bambancin. In aibin ya hana layya gaba ɗaya, mai shi ke da zaɓi: ya riƙe ragon ya karɓi ciko, ko ya bar maka shi ya karɓi cikakken kuɗi. Kuma farashin ranar da abin ya faru ake bi, ba farashin da ya saye shi a baya ba. Ka je da wani dattijo da ku biyu kuke jin nauyinsa. Zai yi fushi, haƙƙinsa ne. Ka bari ya huce, amma kada ka bar gidan sai an kama hanyar likita.

Tambaya: Ina kiwon tantabaru, sun kai 40. Cikin mako biyu na rasa 7. Na sha ganin kyanwar maƙwabciyata bisa katanga. Na yi mata magana ta ce kyanwarta ba ta cin ɗanye. Na sayi maganin ɓera zan sa a kifi. Akwai laifi? (Matashi, Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma babba. Amma kafin nan, ganin kyanwa kan katanga ba shaida ba ne. Kowane ɓarawon tantabara yana da hannunsa. Kyanwa takan ɗauki tsuntsun ta tafi da shi lungu, ta bar tarin gashi da fukafukai, gindin gashin a tattaune. Shaho fige gashi yake yi tas, kuma da rana yake aiki. Ɓera da gafiya ƙwai da 'ya'ya suke bi, su huda maƙoƙo su ci hatsin ciki, su bar kashinsu a wurin. Maciji haɗiyewa yake, ba ka ganin komai. In manya ne ke ɓacewa babu gashi babu jini, to ka fara tunanin mai ƙafa biyu. Ka tankaɗe toka ka baza kewaye da ɗakin bayan magariba, da asuba ka duba. Sawun kyanwa zagayayye ne, yatsu huɗu, babu alamar farce. Na kare yana nuna farce. Na ɓera ƙanana ne da jan wutsiya a tsakiya. Ko sawun kyanwa ka gani, unguwa ba kyanwa ɗaya gare ta ba, sai ka kwana biyu kana fako.

Maganin ɓera iri-iri ne. Wanda ya fi yawa yana hana jini daskarewa, dabba ba ta nuna komai sai bayan kwana 3 zuwa 5, sannan ta yi ta zubar jini a ciki har ta mutu. Kifin da ka ajiye bai san wa ka nufa ba: kazar gidanku za ta tsattsaga, karen wani zai ci, yaro mai rarrafe zai kai baki. Gawar ma guba ce ga ungulu da duk abin da ya ci ta. Ta fuskar addini, hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha yana cikin Buhari da Muslim, kuma mutuwar kwana biyar da zubar jini ba ta fi wannan sauƙi ba. Sannan da ka sa guba, kai da ake bin haƙƙinka ka koma wanda ake bi.

(Ga wanda aka riga aka sa wa dabbarsa: ku ɗauki ledar maganin ko ragowar abincin ku tafi wurin likitan dabbobi. Mai hana daskarewar jini bitamin K1 ne makarinsa, ana ba da shi makonni. Irin su fiya-fiya kuwa nan take suke kamawa, da dalalar miyau da makyarkyata, makarinsu atrofin ne, kuma mintoci ake ƙirgawa. Ɗura madara ko manja ɓata lokaci ne, yana iya ma faɗawa huhu. Kada a taɓa ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.)

Gyaran ɗaki ya fi komai arha. Tukwanen da ake ratayewa jikin katanga tamkar an shimfiɗa wa kyanwa tabarma ne. Ka janye ɗakin aƙalla mita 2 daga katanga da reshen itace, ka ɗora shi kan ƙafafu masu tsayin mita 1.5 zuwa 2, ka naɗe kowace ƙafa da kwano mai santsi wajen santimita 60 don farce ya rasa makama. Ragar da za ka sa, idonta kada ya wuce santimita 1.5; ragar kaji mai manyan ido tana tsare tsuntsu a ciki, amma ba ta hana ɓera shiga ko hannun kyanwa. Ƙofa a rufe ta da sakata tun magariba. Mafi yawan asarar da daddare ne.

Ke kuma Hajiya, in kina karanta mu: babu kyanwar da ba ta farauta, ƙoshi ba ya cire mata wannan hali. Malamai da yawa sun ce kyanwar da aka san ta da cin tsuntsayen mutane, mai ita ke biya in ya sake ta bayan ya sani. Yanzu an faɗa miki. Ki ba ta abinci da yamma, ki rufe ta ɗaki har gari ya waye, ki ɗaura mata 'yar ƙararrawa. In shaida ta tabbata, ki biya kuɗin tantabaru bakwai yadda ake sayar da irinsu a kasuwa, don ta gida da ta ado ba kuɗinsu ɗaya ba.

Tambaya: Na shanya gero tiya 4 a tsakar gida da hantsi. Jar akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye kusan rabi. Yarona ya jefe ta da taɓarya, washegari ta yi ɓari. Sun ce in biya 'ya'ya biyu. Ni kuma na ji malamai na cewa ɓarnar rana ba a biya, to ni wa zai biya ni? (Uwargida, Bagalam)

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kika ji yana da asali. A Muwaɗɗa an ruwaito cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa masu gonaki su tsare da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu su ke biya. Hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a Suratul Anbiya, aya ta 78, shi ma kan tumakin da suka yi kiwon dare ne. Sai dai wannan magana ce ta wurin da aka saba sakin dabbobi kiwo da rana. Tsakar gidan mutum a cikin birni ba makiyaya ba ce, kuma malaman Malikiyya sun ware dabbar da aka sani da shiga gidajen mutane: in an gargaɗi mai ita, yana biya dare da rana. Dokar ƙasa kuwa ba ta raba dare da rana ba sam. Saboda haka geronki bashi ne a kansu, kuma hatsi da irinsa ake biya, tiya 2 ta gero mai kyau kamar naki.

Jifan kuma naku ne. Korar dabba halal ce, amma da abin da zai kore ta, ba taɓarya ba, kuma a dokar ƙasa ɓarnar yaro iyaye ke ɗauka. Sai dai ba kuɗin 'ya'ya biyu rayayyu za ki biya ba. Ana kimanta akuyar da cikinta, a kimanta ta bayan ɓari, ki cika abin da ya ragu. Jar akuyar Maradi tana da daraja don yawan tagwaye da kyan fata, kuma cikin akuya wata 5 ne, don haka ɓarin wata ɗaya da na wata huɗu ba ɗaya ba ne a bakin dillali.

Wani abu da ba ku duba ba: ba lalle jifan ne ya zubar da cikin ba. Akuyar da ta cika tumbi da hatsi lokaci guda, hatsin yana tsami a cikinta cikin awa 12 zuwa 36, ta kumbura, ta yi zawo mai tsami, ta kwanta, kuma wannan kaɗai yana iya jawo ɓari ko mutuwa. Akwai kuma cututtukan da ke sa ɓari, wasu suna kama mutum, shi ya sa ake ɗaukar abin da ya zubo da leda a hannu, a binne da zurfi, mai ciki kuma kada ta taɓa. Likitan dabbobi ya duba ta: in akwai kumburi ko tabon duka a ciki, magana ta fito. Ki faɗi gaskiyar inda taɓaryar ta same ta, su ma su faɗi ko ta taɓa yin ɓari a baya. Gobe in haka ta sake faruwa, a kama akuyar a ɗaure, a aika wa masu ita cewa ta ci hatsi, don su hana ta dusa da shan ruwa mai yawa a sa'o'in farko, su ba ta busasshiyar ciyawa, su ɗura mata babban cokali ɗaya na bikarbonat a ruwa kafin likita ya iso.

Tambaya: Wata tantabara ta biyo nawa ta zauna, har ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Na san ta wani yaro ce a layinmu, da lalle a fiffikenta. 'Yan tantabara sun ce wadda ta sauka gidanka taka ce. (Ɗalibi, Sabon Gari)

Amsa: Wannan dokar 'yan tantabara ce, ba ta Allah ba. Tunda ka san mai ita, ba tsintuwa ba ce ma, ajiya ce. 'Ya'yan kuma uwa suke bi wajen mallaka. Ka faɗa masa yau, amma ku bar ta sai 'ya'yan sun kai mako 4 sun fara ci da kansu, don uwa da uba ke ɗura musu abinci daga maƙoƙo, in aka raba iyayen da wuri, ɗaya ba ya iyawa shi kaɗai. In ya ga dama ya bar maka ɗa guda ladan hatsinka, ya kyauta. Ka sani za ta riƙa dawowa wurin mijinta, don haka mafi sauƙi ɗayanku ya sayi na ɗayan.

Tambaya: Karen maƙwabcina ya kashe mini kaji 5 a gaban mutane. Ya ce in kai ƙara inda na ga dama. Ina zan fara? (Dattijo, Mokoyo)

Amsa: Baba, a fara da tattara shaida kafin a fara tafiya. A ɗauki hoton kajin da waya a inda suka faɗi, a samu mutum biyu cikin waɗanda suka gani da ido waɗanda za su yarda su maimaita a gaban kowa, a sa mai sayar da kaji a kasuwa ya faɗi kuɗinsu, ya bambanta mai kwanci da zakara da 'yan tsaki. Kada a ƙara ko ɗaya a kan biyar ɗin; mai ƙara da aka kama da ƙari ɗaya, sauran gaskiyarsa ma ta raunana. Kada kuma a kama karen a daka ko a hana shi abinci.

Daga nan sai limamin masallacinku ko wani dattijo ya sake taka masa. In ya ƙi, mai unguwa. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan rigima, kuma in abin ya fi ƙarfin mai unguwa yana miƙa shi gaba zuwa fada, kafin a kai ga kotu. Kuɗin zirga-zirgar kotu yakan fi na kaji biyar, shi ya sa muke cewa a tsaya wa sulhu da gaske. In karen yana yawo sake yana barazana ga yara, wannan kuma a sanar da ma'aikatar magajin gari da ta kiwo, ba sai an jira sulhu ba.

In an sasanta, a rubuta. Takardar ta ƙunshi ranar da abin ya faru, yawan kajin, kuɗin da aka amince da ranar biya, da sharaɗin cewa za a riƙa ɗaure karen, ba a kwance shi sai ƙofar gida tana rufe, kuma za a yi masa allura a nuna kati. A rubuta a fili cewa an gargaɗi mai karen a wannan rana, don in ya sake ɓarna wannan layin ne zai yi aiki, a fiƙihu da a kotu. Ku biyu da shaidu ku sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, kowa ya riƙe kwafi ɗaya.